Burodi Mai Yauƙi

Zuwa ga taubashiyata, Malamar Zafi,

Sallama da gaisuwa mai yawa. Ina fatan kina lafiya, ke da maigidan, da littattafan nan da suka hana ki zumunci. Mu nan sai godiya. Ƙafar Inna ta yi sauƙi har ta koma yi wa kowa faɗa, kin san in ta fara faɗa to ta warke. Yara suna makaranta. Kawu, wato Baffanki, yana nan da ƙarfinsa a bakin komin kwaɓi, ya ce in tambaye ki ko karatun nan naki yana da ranar ƙarewa.

Na kira wayarki har na gaji, aka ce ɗakin da kike aiki ba a shiga da waya. To ga takarda, ita ba za ta ce min a kashe kike ba. Direban da ke kawo mana fulawa shi zai kawo miki, tare da wani ƙunshi.

Ga abin da ya sa na neme ki. Tun da zafin bana ya kankama, burodinmu ya ɗauki wani hali da ban taɓa gani ba. Yana fitowa daga tanderu jawur, ƙamshi har bakin titi, ranar farko ba ka ce komai. Amma in ya kwana, ka gutsura, sai ka ga cikin ya yi danƙo ya ɗan yi duhu. In ka ja shi gida biyu a hankali sai wasu siraran zarurruka su biyo, kamar saƙar gizo-gizo. Warin ma ba na ruɓa ba ne, wani ƙamshi-ƙamshi ne mai tayar da zuciya, irin na kankanar da ta wuni a rana. Kada ki ce fumfuna ce. Na san fumfuna tun kina tsotsar yatsa.

Masu shayi sun fara dawo min da shi. Mai shayin bakin tasha ya ɗaga ɗaya a gaban mutane, ya ja zaren har tsawon kamu, ya ce, "Mai burodi, saƙa ka koma ne?" Aka yi ta dariya, ni ma na yi, amma ta ciki na ciki.

Inna ta ce bakin mutane ne. Maman yara ta ce sabon gidan burodin bayan kasuwa ne suka yi mana wani abu. Ni dai na san ruwa ba ya tsami banza. Na canza fulawa, na canza yis, na koma sayen ruwa daga wani famfo, duk a banza. Kawu ya ce ya taɓa ganin irinsa sau ɗaya zamanin mahaifina, ya zo da zafi ya tafi da sanyi. To ni in na tsaya jiran sanyi, kafin ya zo ba sauran mai sayen burodina.

Abin haushin kuma, bana ne na gyara harkar. Na sa an buga min leda mai sunan gidan, muna naɗe burodi da zafinsa, ya isa shaguna yana tururi, laushi kamar auduga.

Na sa miki ɗaya daga cikin waɗanda aka dawo da su. Ki duba min da na'urorinku. In karatunki bai iya gano ciwon burodi ba, ki dawo gida in ba ki aikin ƙirga gwangwanaye.

Taubashinki mai gidan burodi.

*

Zuwa ga Sarkin Tanderu,

Na amsa sallamarka, na kuma ji daɗin labarin ƙafar Inna. Mu ma lafiya, sai 'yar mura da maigidan ya yi, ya kwanta yana nishi kamar shi ya fara mura a duniya. Ka gaishe min da Baffa, ka ce masa karatu ya kusa, kamar yadda na faɗa bara.

Da farko dai, kai da jahilcinka. Ni zafi nake aunawa, yadda yake ratsa kwanon rufi da bulo da katako, don a san irin rufin da ba zai dafa mutane a cikin ɗaki ba. Me ya haɗa ni da ciwon burodi? A danginmu duk wanda ya sa farar riga likita ne. Amma ka yi sa'a. A ƙarshen barandarmu akwai wata malama da aikinta ke nan, binciken ƙananan halittun da ke ɓata abinci. Uwar Ƙwayoyi muke ce mata. Na kai mata burodin tun kafin in ajiye jaka. Ta raba shi biyu, ta ga zaren, ta shinshina, sai fuskarta ta washe kamar na kawo mata tsaraba. Ta ce ta daɗe ba ta ga mai kyau irin wannan ba. Ka ji, har yabo ka samu.

Ga wani abin dariya. Direba ya ce min a bakin ƙofa Maman yara ta tare shi, ta cire ruɓaɓɓen da ka sa, ta maye gurbinsa da sabo fil mai zafi, wai ba za a aika wa 'yar'uwa abin kunya ba. Kada ka yi mata faɗa, domin ta yi mana aikin da ba mu roƙa ba. Wanda ta zaɓa a matsayin mafi kyau, kafin ya iso nan cikin zafin mota ya yi yauƙi. Ke nan kowane burodi yana barin tanderunka ne da abin a cikinsa, lokaci da ɗumi kawai yake jira.

Ta ɗebi ɗan kaɗan ta shafa a gilashi, ta sa a na'urar da ke girmama ƙananan abubuwa, ta ce in leƙa. Taubashi, da ma kana wurin! Wasu 'yan sanduna ne birjik, kamar an kakkarya tsinken tsintsiya, wasu a jere suna riƙe da juna, wasu da ɗan abu mai sheƙi a cikinsu kamar ƙwai. Na daɗe ina kallo har ta ce in ba ta wuri. Su ne ke cin cikin burodin su mai da shi yauƙi.

Ta ce asalin ƙwayar daga ƙasa take, tana biyo fulawa tun daga gona. In ta shiga gida kuwa takan zauna a tsagar komi, a tsumman goge-goge, a hannun mai kwaɓi da ƙarƙashin farcensa, daga nan ta riƙa komawa cikin kowane sabon kwaɓi. Ta shuka ta a wasu 'yan faranta don ta tabbatar, sai ta tsiro za mu san matakin ɗauka.

A tsaye nake rubutun nan, mota na jirana. Za mu ƙauyuka auna rufin gidaje, zan ɗan jima. Kafin in dawo, duk wanda ya yi yauƙi kada a ci, kada a sayar. Abin da ke cina shi ne, ta yaya abu mai rai zai shiga wutar tanderunka ya fito da ransa? Wannan ɓangarena ne, kuma sai na gano.

Taubashiyarka da ta fi ka hankali.

*

Malamar Zafi,

Gaisuwa da fatan kin isa ƙauyukan lafiya. Gida kowa lafiya, sai autarmu da ke haƙori. A gaida mai mura.

Yau kam na sara miki. Na karanta takardarki na sake karantawa, da na zo wurin da kika ce hannun mai kwaɓi da ƙarƙashin farcensa sai na ajiye ta. Fulawa na canza, ruwa na canza, yis na canza. Abu ɗaya ne ban canza ba, kuma tun kafin a haife ni hannu ɗaya ne ke kwaɓi a gidan nan. Na san kunya ce ta hana ki kama suna, tunda ƙanin mahaifinki ne. Ni ma ƙanin mahaifiyata ne, amma gidan nan baki nawa yake ciyarwa?

Na same shi yana kankare komi, na ce, "Kawu, shekaru sun ja, ya kamata ka huta. Ga kujera a bakin shago, ka riƙa sa mana ido, abin da kake samu ba zai ragu ba." Ya ɗago ya dube ni ya ce, "Hutu da tsakar aiki? Takardar 'yar wana ce ta ce haka?" Don kada ya ɗauka raini ne daga gare ni, sai na ciro takardar na karanta masa wurin. Ma'aikata suna nan, amma ai ba baƙi ba ne.

Ya ajiye abin kankarar. Ya dubi hannuwansa, ya juya bayansu ya duba, ya je famfo ya wanke su da sabulu har gwiwar hannu. Ya rataye rigar aikinsa a ƙusa, ya ce a gaida gida. Kujerar bai zauna ba. Na san zai huce, babba juji ne.

Yanzu ni nake kwaɓi da kaina, na yanke farce har sai da na ga jini. Kafaɗuna kamar an yi min duka. In kin dawo za ki tarar da labari mai daɗi.

Taubashinki.

*

Taubashiya,

Ina fatan kina lafiya. Ban ji daga gare ki ba, direba ya je ya dawo ya sake zuwa, kullum ofishinki a kulle. Jikinmu lafiya, amma hankalina ba a kwance yake ba.

Burodin bai daina ba. Wanda na kwaɓa da hannuna, da yankakken farcena, ya ma fi na da yauƙi. Shaguna da dama sun ce in dakata da kawowa.

Amma ba wannan ne ya sa na sake rubutu ba. Magana zarar bunu ce. Ban san wanda ya fitar da ita cikin ma'aikata ba, na tsare kowa ya rantse. Ta fita a matsayin 'yar'uwarmu ta jami'a ta auna ta gano cuta a hannun Kawu. Kafin ta kai kasuwa ta zama cuta mai yaɗuwa. Wata mata ta zo har shago tana cewa ɗanta ya yi ƙuraje saboda burodin da tsohon nan ya taɓa.

Shekaranjiya na hango shi a bakin titi wajen mai gyaran keke, inda suke zama da abokansa. Ya iso ya yi sallama ya miƙa hannu. Mai gyaran keke, wanda suka taso tare, sai ya nuna masa baƙin mai a tafinsa ya dafa ƙirji. Na kusa da shi ya sunkuya yana gyara takalmi. Kawu ya tsaya da hannu a miƙe, sannan ya mai da shi aljihu. Wallahi ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Tun ranar bai sake fitowa ba.

Inna ta daina yi min magana, sai dai ta aiko da saƙo ta bakin Maman yara. Saƙon ƙarshe shi ne, hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar.

Ke kika ce hannu. Na bi maganarki don ke ce mai ilimin. In ba hannunsa ba ne, hannun wa? In kuwa nasa ne, me ya sa abin bai tafi da tafiyarsa ba? Kin jefa mu a rijiya kin tafi auna rufi. Ki amsa min, don Allah.

Mai gidan burodi.

*

Ɗan'uwana,

Jiya na dawo, na tarar da takardunka biyu an turo ta ƙarƙashin ƙofa. Lafiyata ƙalau, rana ce kawai ta gasa ni. Na karanta ta farkon na dafe kai, na karanta ta biyun na zauna na yi kuka a ofis, ban ɓoye maka ba.

Ban ce Baffa yana da cuta ba. Ban ma tuna da shi ba lokacin da nake rubutun, maganar Uwar Ƙwayoyi nake jerowa yadda ta faɗa. Ƙwayar tana hannun mai kwaɓi ne kamar yadda garin fulawa yake hannunsa, ko wane ne shi. Daga kwaɓin take hawa hannun. Yau tana naka. Da ni na kwaɓa tana nawa. Kai ka tsallake fulawa da komi da tsumma, ka dira a kan tsoho, ka bar jaki kana dukan taiki. Ni kuma na rubuta a gurguje na tafi inda ba a samuna, ina sane da irin garajenka. Mu biyu muka yi wannan ɓarnar, mu biyu za mu gyara.

Yanzu ka saurara da kyau. Abin da aka shuka a faranta ya tsiro, ita ce ƙwayar da ake zato. Wayonta shi ne, in ta ji wuya sai ta shige wani ɓawo mai tauri ta yi barci, wannan abin mai sheƙi da na ce maka kamar ƙwai. A haka tafasasshen ruwa ba ya kashe ta da wuri. Za ka ce tanderunka ya fi tafasasshen ruwa zafi nesa ba kusa ba. Gaskiya ne, amma ɓawon burodi ne kaɗai ke ganin wannan zafin. Cikinsa jiƙe yake, kuma muddin akwai ruwa a abu, zafinsa ba ya wuce na tafasa. Na sa maka ma'aunin zafi mai tsini a ƙunshin nan, ka soka a tsakiyar burodi yana fitowa, ka gani da idonka.

To in ta fito da ranta, ɗumi da laima take so ta farka. Na koma takardarka ta farko, na ga inda kake taƙama da leda. Ina da zato, amma na yi rantsuwa ba zan sake jefa maka zato ka ɗauka hukunci ba. Gwadawa za mu yi.

Daga buhu ɗaya, a komi ɗaya, Baffa ya yi kwaɓi, kai ma ka yi naka. A kowane kwaɓi a ware wani ɓangare a zuba masa ɗan ruwan khal, ruwan tsamin nan da ake sayarwa a kwalba, domin Uwar Ƙwayoyi ta ce ƙwayar ba ta son tsami. In an gasa, wasu a naɗe su da zafinsu yadda ka saba, wasu a shanya su a kan katako su huce sarai kafin a sa a leda. Maman yara ta ɗaura wa kowane iri zare mai launi daban, ita kaɗai ta san na wane ne, don kada idonka ya ga abin da zuciyarka ke so. A ajiye su wuri ɗaya a jira. Bayan an gama, sai a wanke komi da gwangwanaye da ruwan zafi da khal, a ƙona tsofaffin tsummoki.

Gwajin ba zai yiwu ba sai da Baffa. Yadda za ka shawo kansa kai ka sani. Ka je da ƙafarka, kada ka aika.

'Yar'uwarka.

*

Malamar Zafi,

Gaisuwa mai yawa. Kowa lafiya, haƙoran auta sun fito, ta fara gwada su a kafaɗata. Inna ta amsa gaisuwata jiya, da ka ne dai, amma ta amsa.

Na je wurin Kawu. Na tarar da shi a zaure shi kaɗai, ya rame. Na durƙusa na ba shi haƙuri, na karanta masa takardarki tun daga sama har ƙasa, ban tsallake inda kika zage ni ba. Da na gama ya ce, "To yanzu wa za a gwada, ni ko burodin?" Na ce, "Ni za a gwada, Kawu." Ya kawar da kai. Ina ganin da ba don ma'aunin nan naki ba da ya kore ni. Ya gan shi a aljihuna ya ce mene ne. Na nuna masa. Ya damƙe tsinin a tafinsa yana kallon allurar tana motsi, ya tsoma a kofin shayinsa, ya sa aka kawo ruwan randa ya tsoma. Can ya ce, "Shekara da shekaru ina gasa abu ban san zafin cikinsa ba. Mu je in gani."

Na gayyato mai shayin bakin tasha da mai gyaran keke da wasu masu shaguna, na ce su zama shaida. Kawu ya yi kwaɓinsa, na yi nawa, ya kalli nawa ya girgiza kai. Da burodi ya fito na soka ma'aunin a tsakiya. Taubashiya, tanderun da ke ƙona min gira, allurar ta hau ta hau, ta zo daf da inda take tsayawa a tafasasshen ruwa ta ƙi gaba! Muka sake da wani, haka. Kawu ya karɓa ya gwada da kansa, ya ce, "Ashe duk tsawon nan dafa shi muke yi a cikin rigarsa."

Da lokaci ya yi muka sake taruwa, aka riƙa rabawa ɗaya bayan ɗaya, Maman yara tana tsaye da sirrin zarenta kamar alƙali. Duk wanda aka naɗe da zafi ba khal ya yi yauƙi, nawa da na Kawu babu bambanci. Waɗanda aka bari suka huce sun jima lafiya, sai daga baya wasu suka ɗan yi danƙo. Masu khal kuwa ko ɗaya. Mai shayi ya ce, "Ashe ledarka ce masaƙar." Na ce na ji, na karɓa.

Mun wanke komai yadda kika ce. Na kafa katakai a ɗakin baya inda iska ke ratsawa, burodi na fita a makare yanzu, amma lafiyayye. Shaguna sun fara dawowa. Ni kuma na kamu da ciwonki, komai na gani sai in soka masa ma'auni. Ki tambayar min Uwar Ƙwayoyi, shi yis ɗin da muke zubawa shi ma mai rai ne? In haka ne, me ya sa shi yake mutuwa a tanderu?

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Sunan burodi ya wanku, na Kawu bai gama wankuwa ba. Waɗanda suka gani da ido 'yan kaɗan ne, waɗanda suka ji ƙaryar kuwa unguwa guda. Mai gyaran keke ya ba shi hannu a gabana, amma da kan yatsu. Na roƙe shi ya dawo bakin komi, ya ce a'a, in bar shi tukuna. Abu ɗaya ya nema. Ya ce ki aiko masa da hoton abin nan, yana so ya ga fuskar wanda ya raba shi da mutane.

Taubashinki.

*

Zuwa ga 'yata,

Ni ne Baffanki. Ina faɗa, wannan mai garajen yana rubutawa, na kuma ce kada ya ƙara kada ya rage. Ina gaishe ki, ina gaida maigidanki. Jikina da sauƙi, sai gwiwa, ita kuwa ta tsufa ce.

Hoton ya iso, na gode, Allah ya yi miki albarka. Na sa tabarau na fita haske na duba. Na zaci zan ga wani abu mai ƙaho ko haƙora. Ashe 'yan tsinkaye ne, ko kai ba su da shi. Na tambayi wannan ina bakinsu, ya ce bai sani ba. In kin samu sarari ki gaya min ta ina suke cin burodin. Kuma wadda ta yi barci a cikin ɓawo, tana iya shekara nawa ba ta farka ba? Na kwana biyu ina tunanin wannan. Ikon Allah da yawa yake.

Ban riƙe ki a zuciya ba, shi ma na yafe masa. Kwaɓi kuwa na yi iya nawa, ba shi ne damuwata ba.

Ga damuwata, ban taɓa faɗa wa kowa ba, shi ma mai rubutun yanzu yake ji. Jikata ƙarama, 'yar wajen ɗana da muke gida ɗaya, tun da aka yaye ta ba ta cin abinci sai a hannuna. In na dawo aiki takan hau cinyata, in gutsura in ba ta a baki. Tun da maganar nan ta fito, uwarta ta daina barinta. Ba ta yi min rashin kunya ba, yarinyar kirki ce, tsoro ne irin na uwa. In an kawo abinci sai ta ɗauke ta da dabara ta shige ɗaki, ina jin yarinyar tana kirana ta bayan labule. An gaya mata labarin gwajin, ta ce to, amma ai takardar jami'a ce ta ce hannu.

Saboda haka ina roƙon ki rubuto wata takardar daban, da manyan baƙaƙe, da hatiminku na wurin aiki in ana sawa. Ki faɗi gaskiyar abin da kika sani game da hannuna. In akwai abin tsoro ki faɗa, zan haƙura, ba zan cuci jikata ba. In babu, ki rubuta babu, in ba surukata ta karanta da kanta.

Baffanki.

*

Zuwa ga Baffa,

Ina gaishe ka da girmamawa, Allah ya ƙara maka lafiya, ya sassauta gwiwar.

Tambayoyinka biyu na kai wa Uwar Ƙwayoyi, ta ce duk ɗalibanta ba wanda ya taɓa yi mata irinsu. Ba su da baki, ta jikinsu suke tsotsa. Mai barcin kuwa tana iya shekaru masu yawa. Sauran bayanin mai tsawo ne, da baki zan yi maka.

Ga takardar da ka nema a haɗe, ni da ita muka sa hannu. Babu cuta a hannunka, Baffa. Ba a taɓa samu ba, ba a ma taɓa nema ba. Hannu ne irin na kowa, ruwa da sabulu sun ishe shi.

Amma takarda ce ta jawo wannan, ba zan bar wa takarda gyaran ita kaɗai ba. Na ɗauki hutu, zan biyo motar fulawa a zuwanta na gaba. Kada a yi min girki daban, kada a ba ni cokali. Zan zauna a tabarmarka tsakar gida, a kira surukarka ta zauna da yarinyar a cinyarta. Lomar farko ni za ka ba a baki, ta biyu ta jikarka ce.

'Yarka.